Yadda Jimrau Ya Sauke wa Baba Attaher Lodi

Tun kafin Jimrau ya taɓa kwance kwamfuta ko guda a rayuwarsa ya sa aka rubuta masa allon shago. Falle ne na kwano, aka shafe shi da shuɗin fenti, aka rubuta da fari: GAREJIN ORDINATER, INJINIYA JIMRAU. Ordinater kuwa ita ce kwamfuta a Faransanci. A ƙasa an zana sufana da guduma, don mai zanen ya tambaye shi da me ake gyaran abin, shi kuma abin da ya faɗa masa ke nan.

Sana'arsa ta gaskiya gyaran injin niƙa ce. Babu injin niƙan da bai taɓa ba a Dakoro, kuma akwai kaɗan daga cikinsu da suka ci gaba da aiki bayan nan. Ilimin kwamfuta kuwa, ya ce daga Libiya ya zo da shi. Gaskiya ne ya yi wata bakwai a Sabha, gaskiya ne kuma kwamfutoci sun bi ta hannunsa ɗari bisa ɗari, sai dai duk a cikin kwali suke, yana sauke su daga mota yana kai su sito. Wannan ɓangaren ba ya shiga labarin idan yana ba da shi a teburin mai shayi.

"Inji dai inji ne," in ji shi. "Duk abin da ke da hwanka a ciki, ƙanen injin niƙa ne. Ku ba ni shekara guda. Daga Mai Yara har Ɗan Gulbi bisa amalanke za a riƙa ɗoro mini ordinater."

Abu ɗaya ya rage masa, wato aikin farko. Kuma yana son a yi shi a gaban jama'a.

To, a unguwarsu akwai Baba Attaher, mijin gwaggonsa Hamsatu. Shekara talatin da ɗaya dattijon ya yi yana jan babbar mota tsakanin Dakoro da Maradi da Jibiya, kuma a duk shekarun nan motar wani yake ja. Kowace kaka sai ya ce baɗi zai sayi tasa, har ciwon suga ya zo ya ɗauke masa ƙafar dama, wadda ake taka totur da birki da ita. Ya yi shekara guda a kan tabarma, ba ya magana sai an tambaye shi. Ƴarsa Sharifa da ke aiki a Yamai ce ta aiko masa da wata tsohuwar kwamfuta, da ɗan sitiyarin roba da ake ɗaurawa a bakin tebur, da wani wasa na tuƙin manyan motoci a ciki. Dokar wasan mai sauƙi ce. Direba yana jan motocin kamfani. Idan ya kai lodi ɗari a jere babu haɗari, sai a ba shi mota tasa ta kansa. Idan ya yi haɗari ko da a na ƙarshe ne, ya koma farko.

Kullum bayan la'asar Baba Attaher yake ɗaukar lodi ɗaya a rumfar ƙofar gida. Ba ya ƙari, ya ce direban da ya san ciwon kansa ba ya juyi biyu a rana. Tsofaffin direbobin sandika, wato ƙungiyar direbobin tasha, sukan taru su zauna a bayansa, suna jinjina hanyoyin Turawa da babu rami, babu raƙumi, babu jandarma. Sha'ibu, wanda ya yi masa karen mota shekara ashirin, yanzu shi ma gemunsa ya yi fari, yakan zauna a damansa, idan ana ribas ya riƙa cewa, "Taho, taho, akwai wuri." Magana ta dawo wa Baba Attaher, har da faɗa.

Da bazara ta kankama sai motar ta fara ƙamewa. Ana cikin tafiya hoton zai tsaya cak na numfashi biyu, sannan ya zabura, sai ka ga motar ta riga ta kai bakin gada ba tare da sanin direba ba. A lodi na casa'in da tara saura ƙiris ta hau kan wata ƴar mota ja. Baba Attaher ya kai kayan lafiya, ya saki sitiyari, ya ce ba zai ɗauki na ɗari a haka ba. Aka kira Sharifa a waya. Ta ce injin ya tsufa, ga zafi, a bar shi, ƙarshen wata za ta zo ta share shi ta rage masa nauyin hoto. Ta ce kada kowa ya taɓa, ta maimaita sau biyu.

Washegari da hantsi Jimrau ya yi sallama da jakar kayan aiki a kafaɗa. Hamsatu ta tare shi a bakin zaure.

"Gwaggo, ina kwana. An ce motar Baba na shan wahala."

"An kuma ce kada kowa ya taɓa ta."

"Kowa anka ce. Ba a ce injiniya ba."

"Rediyona da ka ɗauka tun bara hwa? Shi ma injiniya ya tahi da shi?"

"Ana cikin aikinshi, Gwaggo. Ba a gaggawa da rediyo."

Ya raɓa ta ya wuce rumfa. Baba Attaher na zaune yana kallon allon da ke kashe, ƙarshen wata kuwa saura kwana goma sha takwas. Jimrau ya gaishe shi, ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya yadda kowa a rumfar zai ji.

"Baba, kai da ka yi shekara talatin bisa hanya. In mota ta riƙa shaƙewa tsakanin nan da Maradi, Yamai kake aikawa a zo a duba maka?"

Maganar ta soki dattijon a inda ake so ta soke shi. Ya ce, "Mi ka gani?"

"Sai na ji ta tukuna."

Aka kunna. Jimrau ya ɗora bakin sukudireba a jikin akwatin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido ya daɗe. Da ya ɗago ya ce, "Hiltar iska ta toshe." Direbobi suka gyaɗa kai. Biyu daga cikinsu suka ce su ma tun farko abin da suka faɗa ke nan.

Ya kwance murfin gefe. A ciki akwai datti ya yi kirtani a jikin fanka, ga gidan zanzaro guda biyu manne a kusurwa. A nan dole a yi wa Jimrau adalci, ya faɗa kan gaskiya, ko da yake bai san ta ba ce. Da ya samo gashin kaza ya share wurin a hankali ya mayar da murfi, da yau ana kiransa injiniya ba tare da an ƙifta ido ba. Amma gashin kaza ba abin da za a nuna wa jama'a ba ne. Ya ɗora akwatin a ka ya nufi tasha, wurin Mutari mai faci, rabin rumfar na biye da shi.

Mutari ya dubi akwatin, ya dubi injin iskarsa da yake cika tayar tirela da shi. "Jimrau, wanga iska ba ta wasa ba ce."

"Shi ma dattin ba na wasa ba ne. Buɗe duka."

Mutari ya buɗe duka. Zanzaro da gidajensu suka fita ta ɗaya gefen. Fankar ta fara juyi, ta yi fito, fiton ya yi sama har karnukan tasha suka ɗaga kunne, sannan aka ji tas, tas, tas. Fukafukai uku suka bar wurin aikinsu. Ɗaya ya faɗa cikin kofin wani fasinja da ke jiran motar Rumbu. Mutumin ya tsamo shi, ya duba, ya miƙo wa Jimrau.

"Na ado ne," in ji Jimrau, ya jefa a aljihu. "Turawa na ƙara su don a ga yawa. Huɗun da sunka rage su ne masu aiki." Ya laƙato giris na babbar mota da yatsa ya cusa a tsakiyar fankar.

Da aka dawo aka kunna, akwatin ya kama ruri yana karkarwa, har yana tafiya a kan tebur kaɗan-kaɗan, sai da Sha'ibu ya sa masa dutse a gaba kamar yadda ake yi wa taya a gangare. Baba Attaher ya ce a gaskiya ƙarar ta yi masa daɗi, yanzu ne ya ji kamar yana cikin mota. Aka fita yawon gwaji babu lodi. Motar ta ƙame sau goma sha ɗaya kafin ta fita daga gari, daga nan allon ya yi baƙi, akwatin ya yi shiru.

"Ta huta," in ji Jimrau. "Dattin ya hita, saura zahi. Gobe."

Kowane direba ya san yadda ake sanyaya ruwa a hanya, a naɗe jarka da buhu a jiƙa shi, iska ta yi sauran aikin. Kashegari Jimrau ya zo da buhun gero da bokiti. Hamsatu ta leƙo ta kan katanga.

"Ni ban yi karatun lakkwal ba, amma na san wutar kuran da ruwa ba su zama ɗaki guda."

"Shi ya sa anka yi injiniya, Gwaggo."

Ya fito da babbar leda, ya naɗe akwatin tsaf, ya toshe duk wata ƙofa da iska ke bi, ya ɗaure da roba, sannan ya lulluɓa jiƙaƙƙen buhu a kai. Aka kunna. Bayan ɗan lokaci buhun ya fara tururi, rumfar ta cika da ƙamshin dafaffen gero haɗe da ƙaurin roba. Jimrau ya zura hannu ta ƙarƙashin buhun don ya nuna wa mutane sanyin da ke ciki. Jikinsa ya miƙe, hularsa ta faɗi, ya yi wata ƴar ƙara da ba a taɓa jin irinta daga bakin namiji mai iyali ba. Sha'ibu ya fizge waya daga bango.

Jimrau ya ɗauki hularsa da hannun hagu, ya kaɗe ta. "Wutar ta dawo da ƙarhinta," ya ce. "Alama ce mai kyau." Aka miƙa masa shayi, ya ce ya ƙoshi, don hannun dama ya ƙi rufuwa.

Da aka warware ledar, giris ɗin ya narke ya bi ko'ina, fankar kuma ta daina juyi gaba ɗaya. Mai hankali a nan zai tattara kayansa ya tafi gaishe da dangi a ƙauye har ƙarshen wata. Jimrau kuwa tasha ya koma, ya shaida wa duk wanda ya tsaya cewa gobe bayan la'asar Baba Attaher zai karɓi motarsa, kowa ya zo ya gani da idonsa. Kafin magariba ƴan sandika sun yanke shawarar yanka akuya.

Ranar ta zo. Rumfa ta cika har bakin hanya, mata na leƙe ta kan katanga, ƙamshin nama na fitowa daga cikin gida. Jimrau ya rataye allonsa na kwano a jikin ginshiƙin rumfar. Baba Attaher ya sa farar riga da rawanin da yake zuwa Idi da shi. Tun safe ya kasa cin abinci don murna da tsoro.

Jimrau ya bar gefen akwatin a buɗe. A madadin fanka ya aro zugazugi daga maƙerin unguwa, ya saita bakinsa a ciki, ya ce na wucin gadi ne. Kafin ya fara hurawa sai ya miƙe ya fuskanci jama'a.

"Na gano ciwon. Baba, lodi nawa ka ɗauka?"

"Casa'in da tara."

"Ina ka sauke su?"

"Kowane na kai shi garin da anka ce."

"Garin yana ina?"

Baba Attaher ya dubi allon.

"Cikin akwatin ga yake," in ji Jimrau, ya ɗan bubbuga shi da hannun hagu. "Siminti, katako, ƙarhe, madara, duk suna nan ciki. Tirela casa'in da tara bisa ɗan akwatin da na ɗauka a kaina. Ku direbobi ne. Motar da anka yi wa lodin wuce kima, mi take yi a hawa?"

"Shaƙewa," in ji wani tsoho daga baya.

"Tana tsayawa tana zabura," in ji wani.

Babu wanda ya iya samun ɓaraka a wannan bayani. Har Hamsatu ta yi shiru, abin da ya ƙara wa Jimrau tsawo. Ya zauna ya kama lalube a allo. Faransancinsa bai wuce na aji uku ba, amma ya dace da wata jaka mai sunan Attaher, ya buɗe, sai ga layuka a jere, kowane da kwanan wata. Sha'ibu ya ƙirga su da yatsa, casa'in da tara cif. Jama'a suka yi guna-gunin yabo.

Jimrau ya shafe su duka da shuɗi, ya danna. Wani ɗan rubutu ya fito.

"Mi ya ce?" in ji Baba Attaher.

"Shina tambaya ko na tabbata." Jimrau ya yi murmushi ya waiwayi mutane. "Ni yake tambaya."

Ya danna, layukan suka ɓace. Bai tsaya nan ba. Ya nuna wani ɗan hoton kwando a kusurwar allo, wanda yanzu ya cika da takardu. "Nan ne ƙananan masu gyara ke barin shara su tahi. Ni ba na barin aiki rabi." Ya danna kwandon, aka sake tambayarsa ko ya tabbata, ya sake tabbata. Aka ji ƴar ƙara kamar an murje takarda, kwandon ya koma fayau. Wani ya ce Allah ya yi albarka.

Sannan ya tsuguna ya kama zugazugi ya fara hurawa, aka buɗe wasan. Abin mamaki, iskar na shiga daidai inda ake buƙatarta, kuma babu sauran datti da zai tare ta. Hoton ya fito sumul. Motocin da ke wucewa a bayan rubutun farko suna tafiya kamar ruwa a kwata, babu tsayawa, babu zabura. Jimrau na hurawa yana satar kallon allonsa na kwano, yana tunanin ko ya kamata a ƙara masa girma.

Baba Attaher ya ce bismilla, ya kama sitiyari. Sai dai maimakon motarsa ta kamfani da ya bari a garejin wani gari mai dusar ƙanƙara, allon ya nuna hoton wani saurayi mara gemu da wani fili fari a ƙarƙashinsa.

"Wane ne wannan?"

Sha'ibu ya matsa kusa, ya ƙura ido. Bai iya karatu ba, amma lamba ba ta ɓace masa. "Direba," ya ce a hankali, "nan wurin da casa'in da tara ke zama, yanzu ba komi."

"Sabon hwenti ne," in ji Jimrau. "Haka suke yi in an yi musu babban gyara."

Hamsatu ta riga ta kira Sharifa, ta buɗe muryar wayar ta miƙo ta kan katanga. Aka yi mata bayani, mutum huɗu a lokaci guda. Ta saurara har suka gama.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Sharifa. "Waɗannan layukan su ne shaidar tahiye-tahiyenka, ba su da wani nauyi. Amma ba su ɓace ba. Akwai ɗan kwando a kusurwa, duk abin da anka goge can yake zuwa. Yanzu za mu maido su, in dai ba a zubar da kwandon ba."

Rumfar ta yi tsit. Zugazugi kaɗai ke numfashi, shi ma a hankali yake raguwa.

"Alo? Kuna jina? Wa ya taɓa injin?"

"Ɗan'uwanki," in ji Hamsatu. "Injiniya. Ba ya barin aiki rabi."

Sharifa ta gane abin da ya faru da kwandon. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri," ta kashe wayar.

Jimrau ya saki zugazugi ya miƙe. "Amma dai jama'a kun ga santsin tahiyar. Wannan ba wanda zai ce..." Bai ƙarasa ba hoton ya ƙame. Mutari mai faci ya miƙa hannu ya sauke allon kwanon daga ginshiƙi, ya juya shi ya kife a kan bokiti, ya ce dama ana neman abin da za a ɗora nama.

Ba wanda ya yi dariya sosai, don kowa na kallon Baba Attaher. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, Sha'ibu ya ce ko ranar da aka dawo da shi daga asibiti da ƙafa ɗaya bai ga fuskarsa haka ba. Dattijon ya zura hannu a aljihun farar rigarsa ya fito da wata ƴar takarda da ta tsufa har ta yi laushi, wadda a cikinta ya rubuta abin da za a sa a goshin motarsa ranar da ya sami tasa. Ya dube ta bai buɗe ba, ya mayar. Jimrau ya ga haka. Ya fara ja da baya yana laluben jakarsa da ƙafa.

"Jimrau."

"Na'am, Baba."

"Zauna. Kama abin ga."

Jimrau ya tsuguna ya kama zugazugin. Baba Attaher ya sa aka rubuta sunansa a farin filin, harafi bayan harafi. Aka ba shi wata tsohuwar motar kamfani da lodin kwalaye zuwa gari mafi kusa, irin wanda ake ba sababbin shiga. Ya gyara zaman rawaninsa, ya ce wa Sha'ibu ya duba masa baya.

Jimrau na hurawa, gumi ya fara bin wuyansa. "Baba, ai na yau ne kawai ko? Sharifa za ta kawo sabuwar hwanka ƙarshen wata."

"Zan ce mata ta bar kuɗinta. Ina da hwanka."

"To har yaushe?"

"Lodi ɗaya a rana, bayan la'asar. Kai ne injiniya, yi lissahi."

"Baba, kwana ɗari hwa ke nan. Ga garejina, ga..."

Baba Attaher bai waiwayo ba. Ya juya sitiyari, motar ta fita daga gareji ta hau titi sumul.

"Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina jira, yau kuma ka ƙara mini," ya ce. "Hura da kyau, akwai hawa gabanmu."